Kada Mu Yashe Rijiya Kafin Masu Gwaji Su Zo

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai nake buɗe bakina. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa.

Shugaban wannan taro, kuma shugaban kwamitin unguwarmu. Malam liman da na'ibinsa. Dattawanmu da ke zaune a sahun gaba. Malamar asibiti da ta baro aikinta ta zo. Wakilin masana'anta da na hango can gefen taga, kai ma sannu da zuwa. Shugabar mata da mataimakanta. Matasan da ke tsaye a bakin ƙofa saboda kujeru sun ƙare. Iyayena, yayyena, ƙannena da 'ya'yana, maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni dama, alhali sunana ba ya cikin masu magana. Ina gode wa shugabar mata da ta ja hannuna ta miƙar da ni. Ina gode muku duka da kuka yi shiru. Ban taɓa riƙe wannan abin magana ba.

Mun ji sanarwar da aka karanta ɗazu. Ranar Litinin masu gwaji za su zo daga ofishin lafiya su ɗebi ruwanmu da ƙasarmu. Saboda haka kwamiti ya sa ranar Asabar kowa ya fito: a yashe rijiya, a kwashe laka daga kwata, mata su wanke randuna da tankuna, a share wurin wanki a zuba masa sabon yashi. Kowa ya tafa. Ni ma hannuna ya tashi zai tafa, domin haka muka taso. Amma na miƙe ne in roƙe ku, don girman Allah, a ɗaga wannan aiki sai bayan masu gwaji sun zo sun tafi. Na ji wasu sun yi dariya, kuma ban ga laifinsu ba. Ku dai bari in faɗi dalilina.

Kun san ɗana mai wanki. Babu gidan da bai taɓa goge wa riga ba a unguwar nan. Kun kuma san tun da masana'antar can ta bayan katanga ta fara ba shi kayan aikin ma'aikatanta, ya rage karɓar naku. A can ana dafa kwal a fitar da kwalta, da wani baƙin mai da ake shafa wa turakun lantarki don kada gara ta ci su. Kayan aikin suna zuwa masa a ɗaure, sun yi tauri kamar fatar da ta bushe, suna wari irin na sabon titi da rana. Yakan jiƙa su, ya buga, ya murza da hannunsa, baƙin ruwan ya bi kwata, kwatar kuwa ta haɗu da wadda ke fitowa daga ƙarƙashin katangar masana'anta, su wuce tare ta gefen rijiyarmu.

Da farko hannunsa ƙaiƙayi yake yi in rana ta taɓa shi. Sai ƙananan ƙuraje baƙaƙe masu tauri suka fito daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Sai ɗaya daga cikinsu ya buɗe, ya ƙi rufewa. Na sa masa man shafawa, na kai shi wurin mai sayar da magani, ba wanda bai faɗi nasa ba. Matarsa ce ta ce mini wata safiya, "Inna, ɗanki fa ya daina naɗe hannun riga a gaban mutane, ko da zai yi alwala." A ranar na tasa shi gaba har asibiti, ƙato da shi, yana bina yana ƙunƙuni kamar wanda za a kai makaranta ranar farko.

Likita ya yanki ɗan wurin ya aika a duba. Da muka koma ya ce, "Mama, wannan zan iya cire shi, kuma an zo da wuri. Amma in ya koma ya ci gaba da tsoma hannu a abin da nake zargi, wani zai fito, kuma ba kowanne ne ake kamawa da wuri ba." Na ce, to likita, ka hana. Ya ce, "Ni zargi nake da shi. Ofishin lafiya ba ya aiki da zargi, sai an gwada an gani."

An kuwa taɓa gwadawa, kun tuna. Bara wani saurayi ya zo a kan babur, ya zura guga, ya cika robar ruwa daga sama-sama, ya tafi. Takarda ta dawo. Ni karatuna na girma ne, sai da na aurar da 'yata na shiga aji, don haka a hankali nake bi, amma na karanta da idona: ba a samu komai ba. Na yi ta juya maganar nan a raina. Ruwa ba ya tsami banza. In babu komai, mene ne ke cin hannun ɗana? Na yi ta zarya ofishin lafiya har mai gadi ya fara ce mini, "Mama, yau ma kin zo aiki?" Daga ƙarshe wani ma'aikaci, ko tausayi ya ji ko gajiya ya yi, ya ce in je ɗakin gwajin da kaina in tambaya.

Jama'a, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Abin da zan faɗa yanzu ba ilmina ba ne, saƙo ne na ɗauko, kuma malamar asibiti tana nan, in na karkace ta gyara mini.

Ɗakin sanyi gare shi, har sai da na ƙara jan mayafi. Na'urori suna ta gurnani ƙasa-ƙasa kamar firji. Kwalabe masu ruwan ƙasa a jere a kan kanta. Matar da ke aiki a wurin ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta ba ni kujera, ta ce, "Mama, zauna, amma hannu a cinya, kada ki taɓa mini komai." Na ce, 'yar nan, ko kin ce in taɓa ba zan taɓa ba.

Ta ce kwaltar kwal ba abu ɗaya ba ce. Taron abubuwa ne masu yawan gaske da suka cuɗe wuri ɗaya, wasu marasa nauyi masu tashi a iska, su ne hancinmu ke ji, wasu kuma masu nauyi, ba sa tashi, ba sa wari sosai, ba sa son narkewa a ruwa. Ta ce a cikin masu nauyin nan ne ake samun waɗanda likita ke tsoro. Aikinta shi ne ta raba taron, kowa ya tsaya shi kaɗai a gane shi. Sunan aikin kiromatogirafi, amma ta ce kada in wahalar da harshena, in ce rarrabewa.

Na ce yaya ake raba abin da ya riga ya cuɗe? Ta ce, "Kin taɓa ganin kasuwa ta tashi, jama'a sun bi lungu ɗaya?" Na ce kullum. Ta ce, "Wa ke fara fita?" Na ce yara, da gudu. "Sai wa?" Na ce samari. "Wa ke ƙarshe?" Na ce irina, mai kaya a ka, mai tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa. Ta yi dariya ta ce shi ke nan, na gama karatun. Sai ta nuna mini lungun nata: wani siririn bututu kamar zare, an naɗe shi a cikin akwati mai zafi. A zuba ɗigo ɗaya a bakinsa, iska ta tura, marasa nauyi su fara fita, masu ɗan nauyi su biyo, kowanne in ya fito sai layi ya yi tsalle a kan allon na'ura kamar tudu.

Sai ta ce, "Amma akwai tsohuwar da ko an tura ta ba ta tashi. Masu nauyin gaske, zafin akwatin nan ba ya ɗaga su. A bakin lungun suke zama. Na'ura ba ta ga sun fito ba, sai ta yi shiru a kansu." Ta ce gwajin bara marasa nauyi aka ce a nema, a ruwan sama, kuma su aka nema. Ba wanda ya yi ƙarya. An amsa tambayar da aka yi ne, tambayar ce ba ta kai ƙasa ba.

Don masu nauyi akwai wasu hanyoyi. Ta nuna mini wani guntun bututun ƙarfe, bai fi tafin hannu ba, cike da gari mai laushi. Shi ba iska ake tura masa ba, ruwan magani mai ƙarfi ne, wanda ke iya narkar da su ya ja su. Akwai wani kuma da ke jera su bisa girma, ta ce a nan manyan ne ke fara fita, domin ƙananan suna tsayawa leƙa kowane rami. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe, domin shi na gani da idona. Ta ɗauko ɗan faranti mai farin shafi, ta ɗiga masa baƙin ɗigo a ƙasa, ta jingina shi a cikin kwalba mai ɗan ruwan magani. Ruwan ya riƙa hawa a hankali kamar yadda lema ke hawan bango. Da ya kusa kai sama ta cire, ta rage hasken ɗakin, ta kunna wata fitila mai shuɗin haske. Jama'a, ɗigo ɗaya ya zama layi-layi, wani shuɗi, wani kore-kore, suna ƙyalli. A ƙasa kuma, inda ta fara ɗigawa, ga wani baƙin tabo ya zauna daram, ko motsi bai yi ba. Na ce a raina, wannan ne yake zaune a hannun ɗana?

Na ce mata, to wannan karon ku zo da waɗannan na'urorin. Ta ce, "Na'ura ba ta fita, Mama, mu dai za mu ɗebo mu kawo mata. Kuma ba ta ganin abin da ba a kawo mata ba." Ta ce tunda masu nauyin ba sa son ruwa, ba a cikin ruwa mai haske suke zama ba. Laka suke kamawa. Suna kwance a gindin rijiya, suna manne a bangon kwata, suna cikin baƙin dattin da ke taruwa a ƙasan randa, suna cikin ƙasar wurin wanki. Ta ce ko a roba aka zuba ruwan, sai su manne wa robar, shi ya sa suke zuwa da kwalabe masu duhu, su sa a ƙanƙara, don rana ma tana ɓata su.

Yanzu ku dubi abin da muka shirya yi ranar Asabar.

Na farko, rijiya. In mai yasa ya shiga ya kwashe lakar gindi ya zubar a juji, mun kwashe shaidarmu da hannunmu. Ranar Litinin za su zura abin ɗibarsu ya taɓo sabon yashi, su kai wa waccan baiwar Allah, ta yi aikinta tsakani da Allah, takarda ta sake dawowa: ba a samu komai ba. Kuma an faɗa mini a ofis, ba ɓoye-ɓoye, cewa in ta dawo haka karo na biyu, an rufe maganar. Ba za a zo na uku ba.

Na biyu, kwata da wurin wanki. Matasa, na san kuna son a ga ƙoƙarinku, kuma wallahi kwatar nan ta isa a kwashe ta, ni ce ƙofata ta fi kusa da ita, ni ke rufe taga in iska ta juyo. Amma baƙar lakar da kuke ƙyama ita ce za ta yi magana a madadinmu. Mu ba mu iya bakin masu ofis ba, ita ta iya.

Na uku, kuma a nan na fi jin tsoro, mu mata. Na san mu. Ko kwamiti ya ɗaga aikin, akwai wadda za ta tashi da sassafe ta kife randarta ta goge ta da soso har ta yi ƙyalli. Akwai wadda in an ce ta kawo ruwan gidanta, za ta tace shi da farin ƙyalle, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyayo na sama a kofin da take ɓoye wa baƙi. Na yi maganar nan da maƙwabciyata mai ɗinki, ga ta can tana ɓoye fuska. Ta ce, "Yaya, ni in miƙa wa baƙo ruwa da datti a ciki? Ya koma garinsu ya ce matan unguwar nan ƙazamai ne? Ki kashe ni ya fi." Na ce, to in likita ya ce ki buɗe baki, sai ki rufe don haƙorinki ya ruɓe? Ta ce, "Ai likita daban." Na ce su ma likitocin ruwa ne. Ta ce, "To ko bakin randar in ɗan goge?" Na ce ko bakin.

Ku yi dariya, ba komai, ni ma na yi a lokacin. Amma da na shiga ɗaki sai na daina dariya, domin na san ba ita kaɗai ba ce. An koya mana baƙonka annabinka, an koya mana tsafta tana cikin imani, kuma duka gaskiya ne, malam liman yana ji. Ban zo in ce mu zama ƙazamai ba. Na zo in ce waɗannan ba baƙin da za a yi wa shimfiɗa ba ne. Ba su zo ganin tarbiyyarmu ba, ba su zo neman auren 'ya'yanmu ba. Ciwo suka zo dubawa, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ranar Talata, in Allah ya kai mu, ni ce zan fara fitowa da tsintsiya, kuma wadda ta riga ni ta zo ta yi mini gori.

Wakilin masana'anta, kada ka ɗauka faɗa na zo yi da ku. 'Ya'yanmu da yawa a wurinku suke ci. Ban ce ku ne ba, ban ce ba ku ba ne, domin ban sani ba, kuma rashin sanin nan shi ne ke hana ni sukuni. In an ɗebi laka ta gaskiya aka gwada aka ce babu komai, zan zo har ƙofarku in ba ku haƙuri, in koma in nemi ciwon ɗana a wani wuri. In kuwa akwai, to gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: a riƙa wanke kayan aikin a can ciki da inji, a toshe kwatar, a duba hannayen sauran ma'aikata. Su ma 'ya'yan wasu ne, su ma suna da iyayen da ke kallon hannayensu.

Akwai wanda ya fi kowa ƙin in yi maganar nan, kuma yana cikin ɗakin nan, can baya kusa da ƙofa. Da zan fito ya tare ni a tsakar gida ya ce, "Inna, in kika yi magana za su janye kayansu. Da me zan ciyar da yaran?" Na ja mayafina na fito. Tambayarsa gaskiya ce, kuma nauyinta a kansa yake, ba a kaina ba. Ɗana, ka yi haƙuri, na fallasa abin da kake rufewa. Amma ni na san hannun nan tun bai iya riƙe yatsana ba. In sana'a ta tafi, mai hannu yana neman wata. Ban san abin da mara hannu yake nema ba, kuma ba na so in sani.

Ku kuma jama'a, kada ku ce ciwon gidan mai wanki ne. Shi da hannu yake taɓawa, mu da baki muke sha. Jikokina suna wasa a bakin kwatar nan tare da naku, ƙafa ba takalmi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shugaba, na ga kana duba agogo, na kusa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A bar rijiya yadda take. A bar kwata yadda take. Kowace mace ta bar randa ɗaya a gidanta ba ta taɓa ba, da dattinta da komai, in sun zo ta nuna musu ita, ta kau da kai in kunya ta dame ta. Shugabar mata ta bi gida-gida ta faɗa, domin an fi jin maganarta a kan tawa. Kuma kada a tashi taron nan sai an ɗaga hannu an yanke, don kada kowa ya tafi yana tsammanin wani zai hana. Makullin ɗakin da ake ajiye shebur da bokitai na kwamiti yana aljihunka, shugaba. Ka bar shi a nan har Talata. Shi ke nan abin da uwa ta zo nema.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya tsare hannayen masu nema da hannu. Allah ya ba masu gwaji ido, ya ba masu hukunci adalci, ya ba mu ƙarfin zuciyar karɓar abin da za a gani, ko mai daɗi ko mara daɗi. Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya raya mana yaranmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Wanda maganata ta ɓata wa rai, ya yafe mini.

Na gode.